Isha'aku Mai Makina

Duk lungun nan na unguwar Nuzla an san Baba Isha'aku Mai Makina, amma ƙalilan ne suka san asalin laƙabin. A unguwar Ammariyya aka haife shi. Iyayensa mutanen Daura ne, sun zo aikin hajji a ƙafa, Allah bai nufe su da komawa ba. Yana saurayi wani maƙwabci ya sama masa aikin shara a wata shirka, wato kamfani, ta dakon kaya, kusa da tashar jiragen ruwa.

A ɗakin da yake sharewa akwai injin lissafi da ake ce wa makina, tsohon hannu da aka kawo daga Bairut. Ya kai tsayin mutum, cikinsa cike da ƙananan fitilun gilashi masu ja kamar garwashi, ga zafi kamar tanderu. Akan huda katuna gwargwadon nauyin kayan kowane jirgi, a zuba masa, ya yi ta haɗiya yana ƙugi har ya fitar da amsa. Injiniyan da ke kula da shi ya lura yaron yana da hannu, ya koya masa gane fitilar da ta mutu da yadda ake canza ta. Daga ranar Isha'aku ya ajiye tsintsiya. Da aikin nan ya yi aure, da shi ya gina ɗakuna biyu a Nuzla.

Da kwamfuta ta zo, aka fitar da injin bayan ofis, shi kuma aka mai da shi gadin sito. Ya roƙi mudir, shugaban wurin, ya bar masa injin. Mudir ya yi dariya ya ce, "Ɗauka, ka ma rage mana aiki."

Ya kafa masa rumfa a tsakar gida. Injin bai ƙara tashi ba, don wutar gidan ba za ta ɗauke shi ba, amma duk Juma'a sai ya goge masa ƙura. Matarsa Jawahir, Allah ya jiƙanta, har ta rasu a kansa take shanya darduma.

Ana nan, wata safiya aka wayi gari an yi wa bangon gidan alama da jan fenti, za a rushe lungun. 'Yarsa Mastura ta samo musu haya a hawa na huɗu, can nesa da teku.

"Abuya," in ji ta, "makinar nan ko ƙofa ba za ta wuce ba."

"To a tambayi masu ajiye kayan tarihi mana."

Mijinta Fawaz ya ɗauki hotuna ya tura nan da can. Kowa ya ce masha Allah, ba wanda ya zo.

Ranar tashi masu sayen tsohon ƙarfe suka iso da guduma. Babbansu ya leƙa cikin injin ya ce, "Ya hajj, jan ƙarfen kawai muke so."

"Ku dakata in cire fitilun, ba a dukan su da guduma."

Suka dakata. Ya durƙusa da ƙyar, ya miƙa hannu, amma hannun ba irin na da ba ne. Fitilar farko ta fashe a yatsunsa, jini ya fito.

"Halas, ya isa haka, Abuya, don Allah," in ji Mastura, ta ɗaure masa yatsan da gefen mayafinta.

"Yalla, mu fara," in ji mai gudumar.

Baba Isha'aku ya zauna a kan ƙullin katifa, ya juya musu baya har suka gama.

Yanzu gwiwoyinsa ba sa iya matakalar sabon gidan. Ba ya sauka sai Fawaz ya samu sarari ya riƙe shi zuwa masallaci. Maƙwabtansa na da sun watse, wasu Makka, wasu ba a san inda suka nufa ba. Yakan wuni a bakin taga yana kallon bangon gidan da ke gabansu. In Mastura ta tambaye shi me za a dafa, sai ya ce, "Duk abin da ya sawwaƙa."