Sunan da Na Hana Kakata Kirana da Shi

Jiya a kasuwar Sheme wani dattijo mai saida ganyen magani ya ji an kira ni Raihanatu. Sai ya miƙo mani ɗaɗɗoya da furenta.

"Ɗiyata, ga takwararki. Ita Larabawa ke ce ma raihan. Ga ƙamshi, ga korar sauro."

"Baba, da gaske?"

Nan take na tuna. Tun ina ƙarama Ɗaɗɗoya kakata ke ce mani. Da na shiga sakandare na hana ta, wai sunan ƙauye ne. Har ta rasu ba ta sake faɗa ba.

Ashe sunana take faɗi da Hausa.

Allah ya jiƙan ki, Inna. Ku me kakanninku ke kiranku?