Kawu Ilu da Kafson Mura

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san bai taɓa zama sosai a kan benci ba. Gefe yake ɗosanawa, makullin mota na kaɗawa a yatsa, kafin ka gama amsa gaisuwarsa ya kai bakin ƙofa. Ƙanin innata ne, direba, kullum yana hanya tsakanin Tsafe da Bungudu. To mutumin da ba ya jiran shayi ya huce, ina zai jira mura ta wuce? Da ya yi atishawa sai ya zaro kafso ja-da-yalo daga aljihu ya haɗiye ba ruwa. Fasinja ya yi tari, a miƙa masa. Na taɓa iske shi ya danne ragonsa yana ɗura masa.

Na ce, "Kawu, har rago?"

"Ba tari ya yi ba? Ƙirji ai ƙirji na."

Da na gama karatun aikin lafiya aka tura ni ƙaramin asibiti a Nahuce, babu wanda ya kai shi murna, a zatonsa ya samu likita a gida. Ba a jima ba sai ga shi yana jan majina, ya bar mota a kunne da fasinjoji a ciki.

"Hajara, maza rubuta min kafso mai ƙarfi."

Na leƙa maƙogwaronsa, na saurari ƙirjinsa. Na ce, "Kawu, mura ce kawai, kafso ba ya taɓa ta. Ka sha ruwan ɗumi da zuma, ka sha farasitamol, ka kwanta."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Don ki ce a sha ruwan zafi munka kai ki makaranta? Wanga ai innarki ta iya shi, ko aji ba ta taɓa shiga ba."

Ya fita fuu. Ya je asibitin Tsafe, suka faɗa masa abin da na faɗa. Ya juyo Gusau wajen wani likita a Tudun Wada, shi ma haka. Kwana da kwanaki yana wannan zagaye, sannan ya kawo ƙarata wajen Inna, wai na buga musu waya mun haɗa baki. Inna ta ce, "To ina murar take?" Ya ja hanci, ya sake ja, ba komai.

"Na baro ta Kwatarkwashi," in ji shi. "Gudun mota ne ba ta iyawa."

Muna ta dariya, har wata damina matarsa Inna Kulu ta kira ni, ta ce in zo maza. Na iske shi kwance, jiki kamar garwashi, numfashi da ƙyar. Nimoniya ce. Na ce, "Kawu, yau kam kana bukatar maganin." Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Sai da kika ga zan mutu."

Na ba shi, amma zazzaɓin ko gezau. Muka kai shi Gusau, likita ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da irin waɗannan magunguna saboda yawan shan su, sai an canja zuwa allura mai ƙarfi. Na tsorata ƙwarai a kwanakin nan, ban iya haɗa ido da innata ba. Ranar da na san zai tashi ita ce ranar da ya ƙura wa ledar ƙarin ruwa ido, tana ɗiga a hankali, ya kira nas.

"Yarinya, abin ga ba shi da giya irin ta mota? Taka mai mana."

Bayan ya warke sai ya juye gaba ɗaya, har ya fi mu zafi. Wata rana ina motarsa, wani dattijo mai mura ya ce a tsaya masa a kemis ya sayi kafso. Kawu ya ƙara wuta.

"Motag ga ba ta tsayawa kemis don mura, Alhaji. Ka sha ruwan ɗumi da zuma ka kwanta."

"Wa ya gaya maka haka, direba?"

"Ni na gano da kaina."

Ina zaune a bayansa fa. Ko ta madubi bai dube ni ba.

Hawan jini ne ya yi ajalinsa, bayan shekaru. A wajen zaman makoki abokan aikinsa na tasha suka nemi a nuna musu Hajara. Babbansu ya ce, "Ke ce ashe. Kullum sai ya aiko mana mutane wajenki, ya ce ku je Nahuce, ɗiyata tana can, ba ta ba ku abin da zai cuce ku, ko ni ta hana."

Bai taɓa faɗa min wannan ba.

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi hutu mai daɗi. Amin.