Kalangun da Muka Kai Minna

Ana idar da sallar asuba muka bar Ƙofar Marke, ni da tsohon da ya daɗe yana yi wa ƙungiyar ƙwallonmu ta Damisa kiɗa, kalangunsa a naɗe cikin tsohon zane. Minna muka nufa, za mu kalli ƙungiyar unguwarmu tana karɓar baƙi a garin da ba namu ba.

Ga wanda bai san zancen ba, Damisa ta wani kamfanin gine-gine ce, 'yan wasan duk ma'aikatansa ne. Da soja suka raba jiha, kwangila ta koma Minna, sabuwar hedikwata, kamfani ya loda siminti da tarakta da 'yan ƙwallo ya yi kudu. Ko sallama ba a yi mana ba. Ni da nake ɗinka musu riguna, a bakin wani direba na ji labari.

Tun daga nan unguwa ta rabe biyu. Wasu, har da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, suka koma Shaho ta Ƙofar Atiku, ƙungiyar da muka tashi muna yi wa ele tun muna yara. Suna kiranmu masu takaba, mu kuma muna ce musu 'yan bi-yarima-a-sha-kiɗa. Kwano ɗaya muke ci da ƙanen nawa, amma da an ambaci ƙwallo sai kowa ya dubi bango.

Abin da ya fitar da mu shi ne kalangu. 'Yan Shaho sun dami tsoho ya dawo da shi wajensu, tunda wai masu shi sun gudu. Golanmu kuwa, wanda muke kira Ganuwa, ɗan wani kafinta ne Kirista da ya zo Sakkwato aiki, a bayan gidanmu aka haife shi. Tun wasansa na farko akwai al'ada tsakaninsa da tsoho: kalangu zai kira shi, "Ganuwa, tsare gari," shi kuma duk abin da yake yi sai ya waiwayo ya ɗaga hannun hagu. To a gaban jama'a tsoho ya yanke magana.

"In yaw waiwayo, Damisa tamu ta har gobe. In bai waiwayo ba, ku ɗauki kalangu."

Wasan kuma da Shaho za a yi, motar katako ɗaya ce mai zuwa, kuma magoya bayan Shaho ne suka yi shatarta. Dole ƙanwar na ƙi, muka shiga cikinsu. Suka ba mu wuri a can baya kan tayar safaya, suna tambaya ko mun taho da tabarmar zaman makoki. Ƙanena yana gaba, bai sa baki ba, bai kuma hana ba.

Hanyar Jega ta sha kwalta sabuwa, amma ban taɓa ganin gawar mota da yawa kamar wannan karon ba. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi kowa ya sayi abin hawa kafin ya koyi tuƙi. Ga su nan a gefen hanya, wasu ko ledar kujera ba a cire ba. A Jega muka sha fura, mai kyau ce, sai dai curin ya ƙanƙance kamar ƙwan zabo, kuɗin kuma ya girma. A Yawuri na yi marmarin kifi, da mai suya ta faɗi farashi na ce mata ni ba ɗan kwangila ba ne, ta ce ai ta gani tun daga takalmina.

Kafin Kontagora soja suka tsare mu, suka sauke kowa. Wani kofur ya warware zanen tsoho yana zaton makami ne, da ya ga kalangu ya ce a buga masa. Tsoho ya ce kalangun nan mutum ɗaya kawai yake kira. Na zaci za a mare shi, sai kofur ya yi tsaki ya ce mu wuce. A tashar Kontagora muka kwana, washegari muka bi ta Tegina da Zungeru. Ƙasa ta koma kore, duwatsu suka fito, doya jibge a bakin hanya kamar itacen wuta. Ni dai raina bai sake ba, kullum idona yana kan zanen nan da tsoho ya rungume.

Minna gari ne da ake ginawa ana gudu. Ko'ina rodi da yashi, ko'ina motocin kamfanin da ya kwashe mana ƙungiya. Muka ci sakwara a kusa da tashar jirgi, tsoho ya ce wannan tuwon ba ya zama a ciki.

A ƙofar fili aka fara karya mana gwiwa. Mai tsaron ƙofa yana jin harshenmu ya nuna mana ɓangaren baƙi. Tsoho ya ce, "Yaro, mu na masu Damisa." Ya yi dariya ya ce duk Basakkwace can. Haka muka zauna tsakiyar 'yan Shaho, muna kallon wasu mutane da ba mu taɓa gani ba suna ihun sunan ƙungiyarmu. Da 'yan wasa suka fito na ga an sauya riguna, an daina sa ɗinkina, an sayo na kanti masu sheƙi. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata.

Ganuwa ya shiga raga, tsoho ya matse kalangu a hammata ya kira shi. Sai dai kamfani ya ɗauko 'yan badujala da ƙahoni da manyan ganguna, kalangu a cikinsu kamar kukan sauro ne a kasuwa. Ya kira, ya sake kira, Ganuwa bai ji ba. 'Yan Shaho suka fara rabon wanda zai riƙe kalangun a mota. Aka tafi hutu aka dawo ba ci, tsoho yana ta bugu, zufa ta jiƙa masa riga.

Ana dab da tashi Shaho ta samu kwana, wato bugun kusurwa. 'Yan badujala suka sauke ƙaho, fili ya yi tsit kamar yadda yakan yi in hankali ya tashi. Tsoho ba ƙwallo yake kallo ba, shirun nan yake jira tun da muka zo. Ya buga.

Ganuwa ya waiwayo. Na ga fuskarsa tana neman mu a cikin mutane, hannun hagu ya fara tashi. Ƙwallo ta zo ta bayansa, wani ya sa mata kai, ta faɗa raga.

'Yan Shaho suka ɗaga tsoho sama suna juyi da shi, yana roƙon a sauke shi. Daga ɗaya ɓangaren kuwa ɓawon rake da duwatsu suka yi ta sauka kan Ganuwa, ana cewa ya sayar wa 'yan garinsu wasan. Da 'yan sanda aka fitar da shi.

Da yamma muka same shi a bayan yadin kamfani, goshinsa da filasta. Ya durƙusa ya gai da tsoho yadda ya saba, ya tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya da Sakkwatancinsa da ya fi nawa. An riga an karɓe safar hannunsa, an ce ya koma aikin katako sai an bincika. 

"Baba, na ji kiranka," in ji Ganuwa. "Ko cikin kabari nike, in ka kira sai na waiwaya. Don Allah kak ka ƙara zakkuwa. Nan ɗiyana ka cin abinci."

Muka juyo gida. 'Yan Shaho suka ba tsoho kujerar gaba, suka sayo masa kaza a Koko, ya riƙe ta a takarda har Sakkwato bai taɓa ba. Muna isa ya sassauta tsarkiyar kalangu ya rataye shi a zaure. Tunda Ganuwa ya waiwayo, ba mai iya karɓar kalangun, amma ban ga alamar zai sake saukar da shi ba.

An ce tafiya mabuɗin ilimi. Abin da na koyo shi ne, wanda abinci ya kai wani gari, kiran da kake yi masa daga baya yana iya zame masa masifa, ko da ƙauna kake yi. Jiya muna cin tuwo ƙanena ya karya dokar gida ta hana zancen ƙwallo, a hankali, ba da tsokana ba.

"Yaya, to Damisa taku ta?"

Na ce tamu ta, shi ya sa ba mu ƙara zuwa.