Tikitin da Na Sauya wa Rana

Mai ɗakina ba ta taɓa shiga jirgin ƙasa ba. Kontagora ba mu da layin dogo, amma tana yarinya an kai ta biki Zungeru, ta jiyo kukansa daga nesa. Tun daga nan take mafarkinsa. Takan ce a barci yana ratsa gonar dawarmu a hankali, ganye na shafar tagoginsa, ko kara ɗaya ba ya karyawa. Ni kuwa kullum sai in ce mata baɗi.

Da muka tsufa, 'yarmu da ke aure a Abuja ta saya mana tikiti biyu daga Kaduna, ta turo a wayata. Hoto ne kawai: sunayenmu, ranar tafiya, da wasu ɗige-ɗige baƙaƙe kamar an watsa riɗi a faifai.

Sai ranar ta zo daidai da zuwan mai injin casar masara gonata. Na ji nauyin in ce wa 'yar tamu ta sake saye. Na je wurin wani mai gyaran waya a kasuwa, ya goge ranar a hoton, ya rubuta wata ranar ta gaba. Ko ni ban ga tabo ba.

A tashar Kaduna ma'aikaciya ta haska na'urarta kan ɗige-ɗigen, ta sake haskawa.

"Baba, wa ya taɓa muku wannan?"

"Ga rana nan a rubuce, 'yata."

"Ranar da ke sama aka gyara. Ta gaskiya tana cikin ɗigon nan, an kulle ta da sa hannun masu jirgi, ba mai iya kwaikwayonsa. Shekaranjiya kujerunku suka tafi babu kowa a kai."

Mai ɗakina ta gyara mayafi. "Malam, ashe kujerun ma sun fi mu yawo."

Babu sauran wuri a ranar. Muka samu benci a bayan shinge muka zauna. Jirgin ya ja jiki, tagogi na wucewa da fuskokin mutane kamar ana kallonsu ta cikin ruwa. Ta lumshe ido tana ɗan rangaji. Na kasa dubanta, na dubi takalmana.

Daminar da ta biyo baya gwiwoyinta suka ƙi, ko motar Kaduna ta fi ƙarfinta yanzu. Ba ta taɓa tayar da zancen ba. Ni ne nake tayarwa, sai ta ce in bar ta ta ji rediyo.