Robar da Malam Kalilu ya sa baibai

Duk wanda ya saba bi ta bayan tashar Isa ya san rumfar Malam Kalilu bakanike. Da an sallame asuba yake turo kekensa, ya share gindin dogon yaron nan tas, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoninsa daga ƙarami zuwa babba. Sannan ya cika rabin duro da ruwa, don a ciki yake gwada injin jirgi. Sai ya gama wannan duka yake waiwayar kokonsa, wanda ya riga ya huce. Da rani injinan ban-ruwa na 'yan fadama yake fama da su. Da gulbi ya kawo kuwa, sai rumfar ta cika da injinan jiragen fito, wasu tun daga wajen Sabon Birni aka ɗauro su a bayan babur. Bana shekararsa talatin da ɗaya a wurin nan, ban taɓa jin an ambaci sunansa a wani taro ba. To, yau ni za ni ambata.

Mutane na ce masa mai kunnen inji, kuma sunan ya dace. Zai ɗora tsinin sukundireba a jikin inji, ya kafa ƙotar a kunne, ya lumshe ido, ya gaya maka ciwon kafin ya kwance ƙusa ɗaya. Amma ba ƙwarewarsa ta sa na ɗauki alƙalami ba. Kuskurensa ne ya sa.

Ƙauyenmu yana tsallaken gulbi. Wata uku na damina jirgi ɗaya ne ƙafarmu zuwa kasuwa da asibiti, kuma Na'Allah ke tuƙa shi shekara goma sha ɗaya, sana'ar da ya gada wajen mahaifinsa. Bara da rani muka kai wa Malam Kalilu injin, ya farke shi kaf, ya sake fistin da robobi, ya mayar da shi kamar sabo. A cikin duro ya yi ta kuka lafiya lau.

Ruwa na zuwa sai abu ya ɓaci. Inji zai tashi a gaɓa garau, ana kaiwa tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, sai ya yi tari ya mutu. Karo na uku ranar kasuwa ce, jirgi cike da mata da buhuna. Ruwa ya ja su nesa, da ƙyar Na'Allah ya tokare da gora ya fid da su cikin ciyayi. Ba a rasa kowa ba, alhamdu lillahi, amma gari ya ɗauka. Wa zai ce aikin Malam Kalilu da gyara? Ai sai dai direba. Wasu suka ce gurɓataccen fetur yake saye, wasu suka ce ƙwauron baƙin mai yake yi wajen haɗi. Kwamitin jirgi, wanda Alhaji Illo ke shugabanta, ya yanke cewa ranar Juma'a za a karɓe jirgin a ba wani. Ina cikin kwamitin, kuma wallahi bakina ya fi na kowa tsawo. Na'Allah ya daina zama majalisa, ko masallaci sahun baya yake tsayawa.

Kande mai daddawa, taubashiyar Malam Kalilu, ita ta kai masa labari. Bai jira a kawo masa inji ba. Ranar Alhamis da hantsi sai ga shi an tsallako da shi a jirgin ana tuƙi da filafili, riƙe da jakar kayan aiki da famfon kekensa. Kafin ya zauna mashigi ya cika da mutane.

Ya fara shinshina fetur ɗin, ya murza shi a yatsa. Ya ce, "Man ga lahiya lau shike."

Alhaji Illo ya ce, "Malam, mu ma mun duba. Injin ga ba shi yoyo, ko ɗigo guda ba mu gani ba."

Ya ce, "Alhaji, yoyo iri biyu na. Akwai na zuba, akwai na sha. Wanga iska shika sha."

Ya yi mana bayani a sauƙaƙe. Cikin injin, inda sandar ƙarfen nan ke juyawa, dole ya kasance a rufe ruf kamar tulun da aka liƙe wa baki. Robobi biyu ke tsaron wurin, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In iska ta sami hanyar saɗaɗawa, sai ta rinjayi mai, inji ya ji yunwa, ya faɗi daidai lokacin da aka fi bukatar ƙarfinsa.

Sai ya nemi sabulu da ƙwaryar ruwa. Ya yanka tsohon tif ya toshe kafofin injin, ya cire fulogi ya cusa bakin famfo a gurbinsa, ya shafe mahaɗan da kumfa.

Kande ta ce, "Oh ni! Kalilu, wanka za ka yi mishi? Ko in ɗauko maka soso?"

Aka kwashe da dariya, shi ma yana yi yana buga famfo. Can sai kumfar da ke ƙasa ta fara kumbura tana fashewa, ɓul, ɓul. Ya kwance wurin, ya zaro wata 'yar baƙar roba mai kamar awarwaro, ya juya ta, ya sake juya ta. Dariyarsa ta ɗauke.

Ina tsaye a kafaɗarsa, kuma ina shaida muku babu ɗayanmu da ya san abin da ya gani. Da ya ce roba ta ƙone, da mun ce ai ga shi nan, rashin baƙin mai ne, mu yi masa tafi, gobe mu karɓe jirgi. Sai ya miƙe ya ɗaga ta sama.

"Ku matso dut ku gani. Robag ga tana da ciki tana da baya, kamar riga. Ni nis sa ta baibai da hannuna ran da nih haɗa injin ga. Na'Allah bai yi komi ba."

Na'Allah, wanda ke raɓe can gefe, ya sulale ya zauna a kan yashi ya rufe fuska da hula. Malam Kalilu ya taka har gabansa, dattijo mai furfura, ya durƙusa.

"Mako ukku kana ɗauke da kayan da ba naka ba. Ka yahe mini."

Na'Allah ya kama hannunsa yana ta da shi. "Haba Baba, tashi don Allah. Allah shi yahe muna baki ɗaya."

Kande ce ta kwance mu. Ta ce, "Ashe dai tsuhwa ta kama ka, tunda har inji kaka sa ma riga baibai!" Dariyar da aka yi ranar har da masu hawaye.

Ya sa sabuwar roba, ya sake shafa kumfa, ya buga famfo har ya yi gumi, ko motsi ba ta yi ba. Ya ce shi zai fara shiga jirgin, kuma Na'Allah zai tuƙa. Sau huɗu suka tsallaka suka dawo. A na huɗun Na'Allah ya murɗa mai a tsakiyar gulbi, jirgi ya ɗaga hanci, mata suka rangaɗa guɗa daga gaɓa. Alhaji Illo ya dube mu ya ce, "To, zancen gobe ya mutu."

Malam Kalilu, kai ne ka riƙe shaidar da ba mai iya karanta ta sai kai, ka karanta mana ita a kan kanka. Kai ne ka durƙusa wa sa'an ɗanka a bainar jama'a ba wanda ya tilasta ka. Ni da na fi kowa zaƙewa, sai da na kwana biyu ina juyi kafin ƙafata ta yarda ta kai ni ƙofar gidan Na'Allah. Kai kuwa tsakanin ganin robar da faɗin gaskiya, ko numfashi uku ba ka yi ba. Har yau in na tuna kunya nake ji, kuma daɗi nake ji da muke da irinka.

Mun gode, mai kunnen inji. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a zuriya. Ku kuma masu sana'a, da mu masu zaman kwamiti, duk ranar da ɗayanmu ya buɗe aiki ya tarar hannunsa ne ya ɓata, ya ɗaga shi sama kowa ya gani tun ranar Alhamis, kafin Juma'a ta ci wani.