Tsohon da Na Bari Yana Jira

An ce taura biyu ba ta taunuwa, ni kuwa na cusa su a baki lokaci guda. Litinin zuwa Juma'a ina karatun injiniya don Baffana ya samu abin faɗa a ƙofar masallaci, Asabar da Lahadi ina ajin tarihi don raina.

Shekarar da masu tayar da ƙayar baya suka koro mutanen arewacin jiharmu, gidanmu na unguwar Makama ya cika har kaji suka koma maƙwabta. Cikin baƙin akwai wani tsoho da ya haddace garinsu kaf: wa ya haƙa kowace rijiya, wane gida ya fara kafa bukka. An ƙone garin, a cikin kansa kaɗai ya saura. Na ce madalla, kundin digirina na tarihi ya zo da ƙafarsa.

Sai dai tsohon ba ya ba da labari a tsaye. Sai ka tuɓe takalmi, ka gaishe shi, ka tambayi gajiya, ka sha kunu tukuna. Ni kuwa ina zama mata za su hango ni.

"Injiniya! Injin rijiya ya mutu!"

"Inna, aikin makaranta nake."

"Makarantar za mu sha?"

Sai tsohon ya yi dariya. "Je ka, ɗana, ƙishirwa ba ta jira. Ni ina nan."

Injin nan ya mutu ya fi sau dubu, kullum ni ke tashinsa. Ran nan na yi dabara irin ta injiniya: na kunna wayata tana ɗaukar murya, na ajiye kan tabarmarsa, na ce, "Baba, fara, yanzu zan dawo." Na manta ba ya magana da abin da bai gaishe shi ba. Bayan kwana uku muka kai shi makwancinsa.

Digirin injiniya na karɓa. Na tarihi kuwa, malamina ya ce in kwafo wani abu a laburare, ni kuma ban sake taka ajin ba.

Yau ina gyaran injin ruwa a unguwar Karewa, ina ba masu gida dariya. Abin da wayar ta ɗauka yana nan: ƙarar inji, guɗar mata ruwa ya zo, tari biyu, sannan muryarsa a hankali:

"Yaron nan bai dawo ba?"