Ƙasar Kabari a Kan Dutse

Wanda ya kafa ƙauyen nan bai hau dutsen don sha'awa ba. Gudun yaƙi ya yi da matarsa, ta cika a can sama. Ya laluba ko'ina, sai wani ɗan lungu ya samu mai ƙasa, ya binne ta, ya kasa tafiya ya bar ta. Sunanta garin ya ci har yau.

Lungun nan shi ne maƙabarta, kuma shekara arba'in Mai Diga ne ke haƙa ta. Mutum ne mai baƙar rowar wuri. Ko ɗan taƙi ba ya bari tsakanin kabari da kabari, har ana tsokanarsa wai ya hana matattu miƙe ƙafa. Duk da rowar, wuri ya ƙare. Aka koma sauke gawa zuwa gindin dutse, cikin baƙi.

Sai matarsa ta kwanta ciwo.

"Maigida," ta ce, "iyayena da 'ya'yana uku duk suna nan sama. Kada ka bari a sauke ni."

Tsoho ya ɗauki kwando. Kullum ya sauka ya ciko shi da ƙasa, ya hauro yana haki, ya juye a gefen lungun, ya tokare da duwatsu. Wata huɗu yana wannan wahala, gwiwa ta kumbura, wuya ya sage, kafin ƙasar ta kai zurfin mutum ɗaya.

A makon ne maƙerin garin ya faɗi a bakin maƙera, kwana ya ƙare. An yi ruwa, hanya ta yi santsi, ba mai iya sauka da makara. Dattawa suka zo suka tsaya a ƙofar Mai Diga, ba wanda ya iya haɗa ido da shi. Ina zai kai gawar maƙwabci? Ya haƙa masa a ƙasar da ya tara wa matarsa, yana haƙa yana kuka.

Da ya shiga ɗaki matarsa ta juyo da ƙyar.

"Na ji ƙarar diga. Wa ya riga ni?"

"Maƙeri."

"Allah ya ji ƙansa. To ɗauki kwandonka, zan jira."

Ya dube ta. Ido ba mudu ba, amma ya san kima: ko kwana huɗu ba za ta kai ba. Ya ɗauki kwandon ya fita, yana sauka yana zamewa.